Ƙarfin doki da tseren mita 402: shin shekarar ƙira ce ke yanke hukunci?

Ɗan Maradi:
Assalamu alaikum. Ina nazarin motar Ford Mustang GT, na ga ƙirar 2010 tana da ƙarfin doki 315, ta 2011 kuma 412. Mene ne ya kawo wannan tazara, kuma shin ƙarin dawakin kaɗai ne ke rage lokaci a tseren miƙaƙƙen layi na mita 402?

Mai gareji:
Wa alaikumus salam, malam. A ƙirar 2011 ne kamfanin Ford ya sauya injin lita 4.6 da na lita 5.0, daga nan tazarar ta fito. Sai dai nauyin mota, da yadda tayoyin baya ke kama kwalta a lokacin tashi, da saurin canjin giya, duk suna da tasiri. Ƙirar 2018, mai doki 460, ta amfana ƙwarai da giya goma mai canza kanta.

Dattijo:
Ɗana, ka kula da tsofaffin alƙaluma, domin kafin 1972 a Amurka ana auna ƙarfin inji ne ba tare da kayan da ke rage masa ƙarfi ba, shi ya sa alƙaluman wancan lokaci suka fi ainihin ƙarfin motar yawa. Sannan zafin Maradi yana sa iska ta yi sakayau, inji ya yi rauni.

Ɗan Maradi:
Na gode, Baba.