Wai harkar kirifto da'awa ce?

Sani Mainin: Yau a majalisa an yi ta min dariya wai ina danna waya kamar mai jan carbi. To ku ji, yadda Wangarawa suka shigo Kano da Musulunci zamanin Sarki Yaji, fatake da malamai ne ba runduna ba, haka Bitcoin, kuɗin intanet irin na kirifto, ke tafiya tun 2009, daga wannan baki zuwa wancan, ba shi da gwamna ba shi da hedikwata, CBN, babban bankin Najeriya, ta hana bankuna taɓa shi a 2021, kafin 2023 ta ƙare da kanta ta janye. Mu da'awa muke, ku ne masu taurin kai.

Malam Bala: Da'awa? Ka ji tsoron Allah Sani. Kira zuwa ga Allah ake ce wa da'awa, ba rabon lambar rifaral ta jawo mutane su yi rajista ba.

Ummi: Malam ai a Larabci gayyata kawai take nufi, ko kiran walima da'awa ne.

Malam Bala: Ke kuma a ina kika yi Larabcin?

Ummi: A Islamiyyarku mana, kai ka koya mana.

Kabiru: Ni dai na ga masu imani, 'yan Pi, wata kirifto da ake tarawa a waya, tun 2019 suke dannawa, wasu har rantsuwa suke ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, aka buɗe kasuwarta a Fabrairun 2025 ko dala 5 ba ta kai ba, kuma har gobe ba su karaya ba.

Sani Mainin: Kar ka haɗa min Pi da Bitcoin, shi Bitcoin ƙwaya miliyan 21 ne kacal ba ƙari.

Kabiru: Ka ga har ƙungiyanci ya shigo, kowa da malaminsa.

Modu: Wai wa ya ce muku daga Kano aka fara? Mu a Kanem tun ƙarni na 11 sarkinmu ya musulunta, lokacin ku kuna Tsumburbura.

Kabiru: Babarbare ba da kai ake ba.

Hamza: Sani kafin ka shiryar da duniya ka biya ni dubu biyar ɗina ta data.

Malam Bala: Ya janye kalmar kawai, ni ba ruwana da bashinku.

Admin: To an rufe haka nan. A taƙaice kusan kowa ya yarda kirifto ta zo zama, Malam Bala kalma kaɗai ya gyara, Kabiru kuma da ma ɗan adawa ne. Mai son shiga ya taɓa ni ta inbos in tura masa lambata.