Wata bakwai da aka rufe Twitter: masu sana'a, yaya kuka yi da kwastomominku?

Ɗan Kwari, Kano:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya fara sayar da takalma, kuma kaf cinikinsa a X yake, wato Twitter ta da. Kullum ina ce masa ya riƙa karɓar lambar wayar duk wanda ya saya, shi kuma gani yake tunda mabiya na ƙaruwa ai shi ke nan. Yana sakandare lokacin da ministan yaɗa labarai na wancan lokacin, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da Twitter ranar Juma'a 4 ga Yuni 2021, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, kuma ba a buɗe ba sai 13 ga Janairu 2022. Ni ina da rumfa a kasuwa, abin bai taɓa ni sosai ba. Waɗanda ya taɓa, don Allah ku faɗi yadda ta kaya da ku, in nuna masa.

Mai Turaren Wuta, Maiduguri:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Ni ya taɓa ni ƙwarai. Ba ni da shago, a gida nake haɗa humra da turaren wuta da kulacca, in ɗau hoto in wallafa. Safiyar Asabar na tashi shafi ya ƙi buɗewa. Akwai matan da suka riga suka turo kuɗi, amma adireshinsu da sunan tashar da zan kai kayan duk suna cikin DM, wato akwatin saƙon sirri na Twitter. Kuɗin mutane a hannuna, ba hanyar magana da su, wannan ya fi rashin ciniki tayar mini da hankali. Sai da ɗan yayata ya sa mini VPN, manhajar da ke zagaye toshewar, na shiga na kwashe bayanan a littafi. Wasu ban same su ba sai da suka nemo lambata ta hannun ƙawayensu, wata har ta zaci gudu na yi da kuɗinta.

Tela, Zariya:
Hajiya, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu kuma lokacin ne bai zo mana da kyau ba, domin Babbar Sallah ta faɗo 20 ga Yuli, a daidai makonnin da ake karɓar ɗinki. Hoton kaftani ɗaya mai kyau, in aka dace wani mai mabiya da yawa ya sake yaɗa shi, yakan kawo oda daga Abuja da Legas, daga mutanen da ban taɓa gani ba. Ita wannan ƙofar ce ta rufe. Tsofaffin kwastomomi ba su je ko'ina ba, suna da lambata, ina da awonsu. Baƙin ido ne suka ɗauke ƙaf.

Ɗan Kwari, Kano:
Malam, VPN ɗin bai wadatar ba?

Tela, Zariya:
Ni na shiga, amma kai kaɗai za ka ci kasuwa? Matasa sun iya, masu kuɗin ɗinka shadda kuwa yawancinsu ma'aikata ne, kuma da Ministan Shari'a Abubakar Malami ya yi maganar gurfanar da masu karya dokar, sai suka janye. Ga cin batir, ga nauyin intanet, ga shi abubuwan da ke tashe na wata ƙasa za ka riƙa gani, ba ka san me mutanen garinku ke tattaunawa ba balle ka jefa tallarka a ciki.

Mai Dambun Nama, Kaduna:
Ni dai ban yarda kowa ya yi asara ba. Tun farko ƙa'idata ita ce: talla a Twitter, ciniki a WhatsApp. Duk wanda ya ce "nawa ne?" sai in ba shi farashi a fili, don masu kallo ma su gani, sannan in ce ga lamba. Can nake karɓar oda, can nake tura hoton kayan da lambar direba idan na kai tasha. Da aka rufe sai na koma kan status na WhatsApp. Sai dai ku sani, status ba ya zuwa sai ga wanda kuka ajiye lambar juna, jerin aika saƙo ga mutane da yawa kuma 256 kawai yake ɗauka, shi ma sai wanda ya ajiye lambarka ne zai samu. Shi ya sa nake roƙon kowane kwastoma ya ajiye tawa kafin mu rabu. Abin da na rasa shi ne shaidar jama'a. Idan mutum ya ci dambuna ya rubuta a Twitter cewa ya ji daɗi, dubban mutane ke gani, a WhatsApp kuwa ni kaɗai zan gani sai in na ɗauki hoton saƙon na sa.

Mai Turaren Wuta, Maiduguri:
Gaskiyarki 'yar uwa, amma shi ma WhatsApp ɗin ai ya ɗauke tare da Facebook da Instagram ranar 4 ga Oktoba na shekarar, kusan awa shida. Tun daga nan littafina ban rabu da shi ba: suna, lamba, gari, da irin turaren da mace ta fi so.

Mai Kayan Waya, Gusau:
Ku a ƙalla kuna da layin kira. A farkon Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, ba kira, ba data, ba alat na banki. Da farko Funtuwa muke zuwa mu duba saƙonni, sai aka katse can ma, ya zama sai Zariya. Abin da ya riƙe ni shi ne wani amini a Kano da na bar wa rabin kayana da wayata ta biyu, yana amsa masu tambaya yana aikawa, muna lissafi duk sanda na fito. Alhaji, ka tambayi ƙanen naka: in wayarsa ta mutu yau, wa ya san masu binsa kaya da waɗanda yake bi kuɗi?

Tela, Zariya:
Kuma kada ya zaci da an buɗe komai zai dawo. Bayan Janairu mabiyana suna nan a lissafi, amma da yawa sun saba da Instagram da TikTok, ba su ƙara leƙowa ba. Sai da na bi tsofaffin kwastomomi ɗaya bayan ɗaya ina roƙonsu su sa hoton ɗinkin da na yi musu su ambaci sunan shafina, sannan baƙi suka fara tambaya kafin azumin shekarar.