Tambaya: yaya aka yanka yammacin Amurka gunduma-gunduma?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk wanda ya duba taswirar Kansas ko Iowa zai ga gundumominsu murabba'i-murabba'i, kamar da wuƙa aka yanka su. Shin me ake fara yi, awon ƙasa, ko kafa gunduma, ko shigowar masu zama?

Malam Safiyo:
Wa alaikumus salam. Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Awo aikin gwamnatin tarayya ne, don a sayar da fili. Gunduma kuwa ta mulki ce, gwamnan yanki ko majalisarsa ke yanka ta, sai dai yawanci kan layukan safiyo ake bi, shi ya sa ta fito a miƙe.

Dokar 1785 ce ta kawo awon, aka fara a gabashin Ohio ƙarƙashin Thomas Hutchins. Ana jan layi ɗaya gabas da yamma, wani kudu da arewa, daga nan a yanka manyan murabba'ai masu mil 6 kowane gefe. Kowannensu a raba shi kashi 36, ko wane kashi mil ɗaya ne tsawo da faɗi, wato eka 640. Kashi na 16 na makaranta ne. Ma'aunin sarƙa ce mai ƙafa 66, ja 80 ke ba da mil ɗaya.

Inda aikin ke cije shi ne duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Layukan da suka nufi arewa matsowa juna suke yi, saboda haka daga baya aka tsayar da gyara layi duk bayan mil 24. Ragi ko ƙarin awo kuma a kan kasoshin arewa da na yamma ake jibge shi. Wannan ne dalilin da za ka ga hanya ta miƙe sak, can ta yi ɗan lanƙwasa ta sake miƙewa.

Hajiya Tarihi:
Malam, akwai matakin da ya riga awo. Ƙasar tana da mutanenta. Sai da aka ci 'yan asalin ƙasar da yaƙi a 1794, aka yi yarjejeniyar Greenville a 1795, sannan mafi yawan Ohio ya buɗe. Gundumar farko a can, Washington, Gwamna Arthur St. Clair ya kafa ta a 1788, kuma ƙatuwa ce, da jama'a suka ƙaru aka yi ta gutsurar ta.

Batun kuɗi kuwa, da farko eka 640 ce mafi ƙarancin abin da za ka saya, dala ɗaya kowace eka. Ina talaka zai samu? Sai 'yan kasuwar fili. A 1820 aka sauko zuwa eka 80 a kan dala 1.25 kowace eka, kuɗi hannu. Dokar 1862 ta ba da eka 160 ga wanda ya zauna, ya noma shekara biyar, ya biya dala 18 ta takardu. A busasshen yamma eka 160 ba ta ciyar da gida, masanin ƙasa John Wesley Powell ya faɗa tun 1878 ba a saurare shi ba.

Baffa Alƙali:
Ku ƙara da rigimar hedikwata. Garin da ya samu kotu da ofishin rajistar filaye ya rayu, wanda ya rasa kan mutu. A gundumar Stevens ta Kansas, gaba tsakanin garuruwan Hugoton da Woodsdale har kisa ta kai a 1888.

Ɗan Birni, tsarin da ka jero ma ba kullum ake binsa ba. Sau da yawa mutane kan riga safiyo shiga, su kafa bukka, har dokar 1841 ta ba irinsu damar fara sayen inda suka zauna. A Oklahoma kuwa tseren kama fili aka yi, ranar 22 ga Afrilu 1889 da tsakar rana. Gundumomin sai a 1890 aka yanka su, kuma da lambobi aka fara kiran su kafin a raɗa musu suna.