Motata ta tafasa a kan Third Mainland, bakanike ya ce sai an canja inji, ku ba ni shawara

DanAgege07:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ikko. Dan Allah masu mota da kanikawan da ke cikinmu, shawara nake nema kafin in sa hannu a aljihu. Corolla ce gare ni 'yar 2007, otomatik. Ranar Alhamis da yamma na taso daga Idumota zan koma gida Agege, gosulo ya riƙe mu a kan gadar Third Mainland, tun daga wajen Adekunle ake jan jiki, AC a kunne, kawai sai na ga allurar zafi ta haura ta kusa taɓa ja, kafin in samu in raɓa gefe tururi har ya fara fitowa ta ƙarƙashin bonet. Nan take na kashe ta. Duk wanda ya san gadar nan ya san ba wajen tsayuwa ba ce, kusan kilomita 12 ba gareji ba shago, ruwa hagu ruwa dama, ga magariba ta kawo kai. Wasu samari suka ɓullo, ɗaya riƙe da sifana wai shi bakanike ne in buɗe masa, na ce na gode. Janwe na kira ya kai ni har garejin mutumina a Agege, kuɗin janwen ma kaɗai sai da na ji shi a jikina.

To matsalar ita ce, washegari bakaniken nawa ya zo ya tada motar, ya saurara kamar minti biyu, ya girgiza kai ya ce Alhaji inji ya tafi, gara kawai a je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, a ɗauko inji ɗan Beljiyam a ɗora. Ko ƙusa ɗaya bai kwance ba. Kuɗin da ya kira kuwa ya kai kusan rabin abin da na sayi motar gaba ɗaya a 2019. Mutumin nan mun daɗe tare, masallacinmu ɗaya, ina jin nauyin in ce masa zan kai wani waje, amma raina bai kwanta ba. Motar tana tashi fa, kik ɗaya. Shin tafasa sau ɗaya tana kashe inji? Kuma in zan nemi wani ya duba, ta yaya zan gane na kirki a garin nan?

Usta_Mile12:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya tsare gaba. Ni aikina ke nan, Toyota da Honda nake taɓawa, kuma zan gaya maka gaskiya ko da abokin sana'ata ne: ba a yanke wa inji hukunci da kunne. Tafasa tana iya kashe inji, ƙwarai ma, amma galibi sai in an ci gaba da tuƙi allura tana ja har motar ta mutu da kanta. Kai ka ce ka kashe da wuri kuma tana tashi kik ɗaya, to akwai fata sosai.

Ga abin da za ka duba da idonka gobe da safe tana sanyi, ba sai ka biya kowa ba. Zaro sandar gwada baƙin mai, sannan ka buɗe murfin da ake zuba man ka leƙa cikinsa. In ka ga man ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya haɗu da mai, gaskit (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa) ya ƙone. In man na nan da kalarsa, alhamdulillah, mataki ɗaya ke nan. Sai ka buɗe murfin lagireto (tana sanyi na ce fa, kar ka kuskura ka taɓa shi da zafi, na ga yaron gareji da ruwan ya saɓule wa fatar hannu), ka cika ruwa, a tada motar ka tsaya kana kallo. In kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, iskar silinda ce ke shiga hanyar ruwa. Ka zagaya baya ka kalli salansa, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko bayan ta yi ɗumi shi ma alamar gaskit ne. Bayan wannan sai gwajin kwamfireshan, akwai agogonsa da ake ɗaurawa a ramin fulogi, silinda huɗun nan kowanne a ga abin da yake bayarwa. Bakaniken da ba shi da agogon nan ko ba zai iya aro ba, bai kai ya ce maka inji ya tafi ba.

Kuma ko gaskit ɗin ne ya ƙone, ai ba canjin inji ba ne. Injin motarka 1ZZ ne, kansa na alminiyam, in ya sha zafi yana ɗan lanƙwasawa, sai a cire kan a kai wa masu injin gogewa su daidaita shi, su gwada ko ya tsage, a sa sabon gaskit mai kyau a ɗaure da ma'aunin ɗauri yadda kamfani ya ce, ba da ƙarfin damtse ba. Wannan aikin bai kama ƙafar kuɗin inji ba.

Abin da ya fi damuna ma, mutuminka bai nemi dalilin tafasar ba. Mota ba ta tafasa haka kawai. Tunda a gosulo ta yi, ni fanka nake fara zargi, ko motonta ko rile ko fis, don in kana gudu iska ce ke sanyaya lagireto, in ka tsaya kuwa fanka ce kaɗai. Sai murfin lagireto da ya saki, sai famfon ruwa, sai tiyo mai yoyo. In ba a gano wannan ba, ko sabon inji dal aka ɗora maka, a kan gadar nan dai zai sake tafasa.

Maman_Ilham:
Usta Allah ya saka da alheri, ka yi bayani. Yaya DanAgege ni ta ɓangaren jin nauyin nan zan shigo, don shi ke cin kuɗin mutanenmu a Legas. Mu dai da mun ji mutum na Hausa shi ke nan mun miƙa makulli, wai namu ne. Ni a Idi-Araba nake, Sienna nake ja ina kai kaya shaguna, kuma wanda ya fi wahalar da ni a kanikawa namu ne, kullum Hajiya kar ki damu, Hajiya an gama, sati biyu mota ta dawo da ciwonta. Wanda ke duba min yanzu wani dattijon Bayarabe ne a wajen Mushin, ba ya jin Hausa ko zo in kashe ka, da guntun Turancin buroka muke fahimtar juna, amma kafin ya taɓa komai sai ya jona na'urar nan ta kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ya nuna min lambar da ta fito, ya ce ga abin da take nufi, ga abin da zai fara gwadawa mai araha, in bai yi ba sai mu je mai tsada. Ba ina cewa duk Yarabawa haka suke ba ko duk namu macuta ne, a'a, ga Usta nan namu ne. Ina nufin yare ba shi ke gyara mota ba.

Yadda na same shi kuwa, ba allon gareji na bi ba. Direbobin da ke jan irin motata na tambaya, masu haya da ita kullum, don su in mota ta kwana a gareji abincin gidansu ne ya kwana. Sannan na fara kai masa ƙaramin aiki, canjin takalmin birki, na zauna a benci ina kallo. Da ya kwance ƙusoshi a cikin wani tsohon kwano ya tara su, da ya gama kwanon ba ko ɗaya, ya sa yaronsa ya ƙulle min tsofaffin takalman a leda ya sa a but ba tare da na roƙa ba. Daga ranar na riƙe shi.

Shawarata ka raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, kar ka yarda da jimla ɗaya. In ta kama sai an je Ladipo, ka bi shi da ƙafarka, ka wuce 'yan kamashon da ke tare mutane a bakin kasuwa ka shiga shago mai lamba, a rubuta maka rasit da kwanakin garanti a jiki, lambar injin ma a rubuta. Kuma duk ranar da mota za ta kwana a gareji ka ɗauki hoton batir ɗinka da ƙarƙashin salansa, don akwai inda ake fasa tukunyar tace hayaƙin nan a kwashe abin ciki a sayar, kai dai sai ka ji mota ta canja murya tana shan mai.

Direban_Kano_Line:
Hajiya na yarda da ke a komai banda sayen kaya da kanka. Ni Agege zuwa Kano nake yi shekara da shekaru, na ga yadda ake ƙarewa. In kai ka sayo kayan, ranar da ya ba da matsala bakanike zai ce kayanka ne ba kyau, mai shago ya ce bakanikenka ne bai iya ɗaurawa ba, kai kana tsakiya kuɗinka ya narke. Gara ku je tare, shi ya zaɓa ya sa hannu cewa ya yarda da shi, kai ka biya mai shago hannu da hannu. Ko ya ci ɗan wani abu a bayan fage, ai dama ana ba su la'ada kowa ya sani, amma dai alhakin zaɓin na wuyansa. Kuma ba Ladipo kaɗai ba ce, akwai kasuwar Owode Onirin ta hanyar Ikorodu, akwai kasuwar ASPAMDA a Trade Fair in sabon kaya kake so, ka buga waya wuri biyu uku ka ji farashi kafin ka fita. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira, farashin kayan mota ba ya kwana inda ya yini, abin da aka gaya wa maƙwabcinka wata uku baya ba shi ne na yau ba, saboda haka kar ka ce bakanike ya yi ƙarya a kan kuɗi sai ka ji da kunnenka.

Alhaji ka yi daidai da ka hana samarin nan taɓa motar. Masu ɓullowa a kan gada ko Apapa-Oshodi da sifana a hannu, wani zai cire maka waya ɗaya ya ce wani abu ne ya ƙone, ka biya ya mayar. In ta sake faruwa da wani a nan: kunna fitilar haɗari, ajiye alwatikar nan mai ƙyalli nesa kaɗan a bayan mota, waya a aljihu ba a hannu ba, in wurin ya yi maka duhu ka kira 112 ko 767 na gaggawa na jihar Legas. Kar ka tafi neman bakanike ka bar ta ta tare hanya, 'yan LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, aikinsu ne su janye abin da ya toshe titi. Lambar mai janwe guda ɗaya da ka sani ta zauna a wayarka tun kafin ranar, don ciniki a kan gada ba ciniki ba ne. Ni dai duk lodi ina ware wani abu a gefe na mota, ko taya ba na taɓa shi sai ta kama dole.

Ga damina kuma, masu bin Lekki da Ago Palace, in mota ta mutu a cikin ruwa kar a sake yi mata kik, ruwa ne ya shiga silinda, kik ɗin ne ke lanƙwasa sandar fistin. Wannan kam shi ne canjin inji na gaske.

DanAgege07:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Usta na je da sassafe na yi yadda ka ce. Baƙin mai garau yake, ba kumfa a lagireto, salansa ba farin hayaƙi. Mun bar ta a kunne har allura ta wuce rabi, fanka ko motsi ba ta yi ba, na kunna AC ma shiru. Da na nuna wa mutumin nawa sai ya ce to a haɗa fankar kai tsaye da makulli ta riƙa juyawa kullum, wai haka ake yi wa motocin Legas, kuma ya ce tamostat ma, abin nan da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, tuni ya cire shi tun bara don na ƙasar sanyi ne. In yarda?

Usta_Mile12:
A'a Alhaji, kar ka yarda da ko ɗaya. A kira mai wayarin ya fara da fis da rile na fanka, suna cikin baƙin akwatin nan kusa da batir, in lafiyarsu ƙalau ya ba motan fankar wuta kai tsaye daga batir don gwaji kawai, in bai juya ba shi ne ya mutu, a canja shi. Haɗin kai tsaye ɓoye ciwo ne, yana gajiyar da motan, kuma ranar da ya sake mutuwa ba abin da zai gaya maka. Tamostat kuma a mayar, irin Corollar nan na yawo a Dubai da shi a ciki, in babu shi inji ba ya zama a zafin da kwamfutar motar ke so, sai ta riƙa ƙara mai, kai kana zagin gidan mai. A zubar da ruwan da ke ciki a sa kulant na gaske, ruwan rijiya da na bohol ɗin unguwanninmu tsatsa yake tarawa a lagireto, a sa sabon murfi, a fitar da iska. Duk da haka ka yi gwajin kwamfireshan ɗin, don wani gaskit ɗin ba ya nuna kansa sai bayan kwanaki, kuma sati biyun farko ka riƙa duba ruwa kowace safiya kafin ka tada ta, in yana raguwa ba ka ga inda yake ɗiga ba ka dawo ka faɗa mana.

Maman_Ilham:
Kuma yaya in za ka ɗauke motar ba sai an yi rigima ba, ka ba shi kuɗin dubawarsa, ka ce za ka kai wa mai wayarin tunda aikin wuta ne. Ai ba ƙarya ka yi ba, kuma gobe in kun haɗu a sahu za ku gaisa lafiya.