Kifin nan da ake ce wa kilina, wane suna za mu sa masa da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a, musamman masu kiwon kifin ado a nan Jos da ma na nesa. Akwai wata magana da take cina tun watan jiya, na ce bari in kawo ta nan a yi ta a gama. Kifin nan ƙarami mai gashin baki da yake yini yana tonon yashi a ƙasan akwariyom, wato tankin gilashin kifi, wanda a littafi ake rubuta Corydoras, masu shago kuma suke ce masa kilina, har yau ba mu da sunansa da Hausa. Wasu sun fassara kilinan kai tsaye suna cewa mai shara. To ni wannan sunan ne ban yarda da shi ba, kuma ina da dalili.

Guda shida na sayo a wani shago a Abuja, ba zan faɗi sunan shagon ba. Na tambayi yaron me zan dinga ba su, ya ce Oga ai waɗannan ba a ba su abinci, kashin sauran kifayen suke ci su share maka tanki. Nima da yake kifin rijiya ne a harkar lokacin sai na yarda. Na zuba su cikin tanki na mai lita 80 tare da ƙananan kifayen ado gofi da tetra, ina watsa abincin nan mai yawo a saman ruwa, gofi su wawushe kafin ko ƙwaya ɗaya ta nutse. Wajen sati biyar sai na ga cikin biyu daga ciki ya lotsa kamar an matse da yatsa, gashin bakinsu ya guntule, ba su ƙara sati ba suka mutu. Wlh ranar da na tsamo na biyun na riƙe shi a tafin hannu, kai ne kawai da ƙaya, babu tsoka ko kaɗan. Yunwa ce ta kashe su a cikin gidana ina kallo.

Shi ya sa nake cewa suna linzami ne. In ka ce wa mutum wannan mai shara ne to ka gama gaya masa kada ya ciyar da shi. Kuma maganar cin kashi ƙarya ce, ba ya ci. Tsutsa yake nema da ƙananan ƙwarin ruwa da duk wani guntun abinci da ya faɗo, wato nama ya fi so ma, ba datti ba.

Toh amsoshi sun fara shigowa, bari in bi su yadda suka zo.

Wani ɗan uwa daga Rikkos ya rubuto: “Malam ai abin bai kai nan ba, tarwaɗa ce ƙarama, a ce tarwaɗar ado kawai a huta.”

Ɗan uwa na gane inda ka dosa, kuma gaskiya ne dangi ɗaya ne babba, duk masu gashin baki. Amma in Bahaushe ya ji tarwaɗa abin da yake gani shine wadda ake kiwo a kududdufin siminti a yi farfesu da ita, wadda masana ke kira Clarias gariepinus, tana iya wuce mita ɗaya in ta samu wuri da shekaru. Namu kuwa da ƙyar yake wuce santimita 7. Kuma akwai haɗari a ciki, na san wanda ya ji an ce tarwaɗa ce ke zama a ƙasan tanki ya je ya karɓo ɗan tsako ɗaya wurin masu kiwo ya jefa cikin gofinsa, kullum da safe ya ƙirga ya ga sun ragu, tarwaɗa kuma tana ta sheƙi. Ban da haka akwai maganar gishiri. Masu kiwon tarwaɗa sun saba watsa gishiri a ruwa in kifi ya yi rauni, to wannan ɗan kifin daga ruwan daɗi mai laushi ya fito, rafukan Kudancin Amurka, Birazil da Peru da Kolombiya da sauransu, ba ya jure gishiri da yawa. In muka haɗa su suna ɗaya za a haɗa musu magani ɗaya.

Sai kuma Baba, wani dattijo da ya yi sana'ar kamun kifi a Binuwai shekaru kafin ya dawo Gangare, ɗansa ne ya nuna masa hoton ya turo min saƙon murya. Ya ce: “Yaro wannan ai ɗan ƙurungu ne, ba ka ga ƙayar ba? Kama shi da hannu ka ji.”

Baba Allah ya ƙara girma, wannan ita ce amsar da ta fi tsaya min a rai, sai da na kwana biyu ina juya ta. Don kuwa ƙayar tana nan, ɗaya a gadon baya biyu a gefe, in ya tsorata sai ya miƙe su ya kulle ƙam, shi ya sa ba a kama shi da ragar nan mai laushi, maƙalewa yake, gara ka kora shi cikin kofin roba. Ya taɓa sukata a babban yatsa, zugin ya kai awa guda kamar harbin rina. Har ɗan ƙaran nan da ƙurungu yake yi in an fito da shi, shima yana yin irinsa da ƙayar gefen. To amma Baba ga inda matsalar take, shi ƙurungu na gaske, Synodontis, namu ne na nan Afirka, yana Neja yana Binuwai yana tafkin Chadi, kuma shima ana sayar da shi a matsayin kifin ado, har da wani ɗan ƙarami daga kogin Kwango da yake iyo a rigingine. Jikinsa fata ce sumul, wasu suna kai santimita 20 ko fiye, da dare yake fita, kuma babba ba ya ƙin ɗan kifin da ya shige bakinsa. Ranar da mutum ya shiga shago ya ce a ba shi ƙurungu shida dole a san wanne yake nufi. A bar wa ƙurungu sunansa, shi ya riga ya samu tun kaka da kakanni, kamar yadda minjirya da ragon ruwa da gaiwa suka samu nasu.

Wata Hajiya daga Rayfield ta ce mu ara kawai, mu ce kori ko koridora, tunda ai akwariyom ma ara muka yi. Hajiya ba na ƙin aro, nima filta da hita nake cewa kullum. Amma kori dai ya yi kama da kora, kuma ba ya gaya wa kowa komai. Sannan su kansu masanan ba su zauna a kan sunan ba, a 2024 aka sake rarraba dangin, da yawa daga waɗanda muke saya aka cire su daga Corydoras aka mayar da su wasu sunaye, mai ruwan tagullan nan da ya fi yawa a shaguna yanzu Osteogaster ake rubuta shi, mai baƙin ido kamar fanda kuma Hoplisoma. In mun bi su mun dinga canji kenan.

Amma maganar Hajiya ce ta sa na koma na duba asalin kalmar, kuma a nan na samu abin da nake nema. Wani Bafaranshe mai suna Lacépède ne ya raɗa ta a 1803 daga Girkanci, rabin farko kwalkwali, rabin ƙarshe fata. Saboda shi wannan kifin ba shi da ɓawo irin na karfasa kuma ba sumul yake kamar tarwaɗa ba, faranti-faranti ne na ƙashi jere layi biyu a kowane gefe, ɗaya na hawa kan ɗaya. Ka haska shi da tocilan waya ta gefe ka gani, sak sulken da mahaya suke sawa a hawan sallah. Don haka ga shawarata: ɗan sulke, jam'i 'yan sulke.

Ƙanena da ke karatu a jami'a nan take ya taso min, wai Yaya ai shi ma wancan baƙin mai manne wa gilashi da baki sulke gare shi, me za ka ce masa? Gaskiyarsa ne, wannan da ake kira fileko ma yana da farantan ƙashi. Amma shi abin da ido ke fara gani a jikinsa baki ne, yini yake yana tsotson gilashi da itace yana kankare gansakuka. Shi kam tsotsau ya dace da shi, kamar yadda muke cewa mantau. Kuma raba su suna yana da amfani don cimarsu ba ɗaya ba ce, tsotsau ganye ya fi so, ka yanka masa kokwamba ka soka cokali mai yatsu a jiki don ta nutse, ka cire da safe kada ta ruɓe, ka kuma sa masa guntun itace a ciki. Ɗan sulke kuwa zai shinshina kokwambar ya wuce. Wani abin kuma, tsotsau na gama-garin da ake sayarwa kamar ɗan yatsa yana wuce santimita 30, ba na ƙaramin tanki ba ne sam, mai gemun nan Ancistrus da ke tsayawa wajen 12 zuwa 15 shi ne daidai.

'Yata ta biyun ma tana da nata sunan, tonau take ce musu tun ranar farko. Na so shi ba kaɗan ba, a gida dai shi muke kira.

Saura sunan da zai haɗe su duka, su da ƙurungu da tsotsau, wato duk kifin da harkarsa a ƙasan ruwa take. Wani ya ce 'yan ƙasa, aka yi ta dariya wai sai an nemo musu katin zaɓe. Kifin gindi kuma ba ya faɗuwa gaban surukai. Ni na fi son masu kiwon ƙasa, saboda kalmar kiwo tana ciki, duk wanda ya ji ya san dabba ce mai neman abinci a wurin, sai an kai mata can.

Kuma kai matan ba wuya. Abinci mai nutsewa za ka nema, ƙwaya-ƙwaya ko mai faɗi kamar maɓalli, ka jefa bayan ka kashe fitilar tankin lokacin gofi sun lafa, gwargwadon abin da za su cinye, in ka ga saura da safe to ya yi yawa, ka zuƙe da tiyo ka rage gobe. Sau biyu a sati nakan tono tana a bayan gida inda ba a fesa magani, in wanke in yayyanka ƙanana. Nan za ka ga rawar kai, su tura hanci cikin yashi har ido, yashin yana fita ta kunnuwansu. Jar tsutsar nan daskararriya da ake sayarwa tana da kyau amma da irin wutarmu in ta narke ta sake daskarewa ni ban yarda da ita ba. Ma'aunin ƙoshinsu ciki ne, in ya hau gilashi ka leƙa, ya zama a cike ɗan zagaye, ba a lotse ba.

Gashin bakin nan kuwa da shi yake ɗanɗana abinci a cikin yashi, in ya guntule kamar an makantar da shi ne. Nawa abu biyu ne suka cinye shi, tsakuwar fasasshen dutse mai kaifi da na zuba don kyau, da dattin da ke taruwa a tsakaninta. Na kwashe na sa yashin rafi mai laushi wanda na wanke har ruwan ya fita garau, kuma duk sati ina canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in na famfo ne sai ya kwana a bokiti a buɗe ko a ɗiga maganin kulorin. Na huɗun da suka rage ya fara tofowa, na ƙaro uku suka zama bakwai don ba sa son kaɗaici, ƙasa da shida sai su yi ta ɓuya.

Mu na Jos muna da ƙarin matsala ta sanyi. Yawancinsu digiri 22 zuwa 26 suke so, mu kuma muna kan tudu sama da mita 1,200, daren Disamba da Janairu ruwan tanki sai ya yi ƙarara in nepa ta ɗauke hita ya mutu, a lokacin ne cutar farin ɗigo take kama kifi. In za ka sa maganinta ka karanta kwalin da kyau, masu gashin baki ba sa ɗaukar cikakken awo na koren maganin nan malakait, rabi ake farawa da shi. Ni bargo nake lulluɓa wa tankin da dare. Wanda zai saya sabo ya nemi mai dabbare-dabbaren nan paleatus, asalinsa can kudu ne wajen Ajantina da Urugwai, ya fi sauran jure sanyi. Sannan in ka ga ɗan sulke ya harba sama ya haɗiyi iska ya dawo kada ka tsorata, ta hanji yake shaƙarta, halittarsa ce. Sai in abin ya zama kowane minti ne, to iska ta yi ƙaranci a ruwan, ka duba famfon iska.

An ƙirga waɗanda suka amsa zuwa daren jiya, ɗan sulke ne ya fi samun hannu, tarwaɗar ado na biye. Baba ya sake turo murya ya ce ya yarda amma shi dai a bakinsa ɗan ƙurungu ne har ya koma ga Allah, na ce Baba ai ba mai hana ka. Don haka daga yau a rubutuna: ɗan sulke, tsotsau, ƙurungu, dukkansu masu kiwon ƙasa. Na kuma tura wa yaron shagon nan saƙo na roƙe shi ya daina ce wa mutane kilina, ya turo min hoton babban yatsa, ko ya karanta oho.

Yau da asuba bayan canjin ruwan jiya da ya ɗan fi sanyi, na tarar da ƙwai farare wajen ashirin manne a gilashin gefen filta, macen na yawo da wasu a tsakanin fikafikanta na ciki tana neman inda za ta liƙa. Gofi sun riga sun fara tsinta, bari in je in kankaro sauran da reza in sa a roba.