Kwanson harsashin manyan bindigogi: nawa kuka sayar da naku?

Abban Yusra (Hustan):
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya taɓa sayar da kwanson harsashin manyan bindigogin farauta a nan Amurka ya faɗa min yadda ya yi. Wani dattijo maƙwabcina ne ya rasu, shi ya koya min ɗurin harsashi da hannu, wato cika kwanso fanko ya koma harsashi, tun ina sabon zuwa, to matarsa ta kira ni ta ce in taimaka mata a sayar da kayan ɗakin aikinsa, bindigogin ɗansu ya kai wa dila mai lasisi, kwansunan ne aka bar min. Akwai na harsashi samfurin .416 Rigby wajen 200, wasu an harba wasu ba a taɓa ba, akwai .404 Jeffery da .470 Nitro, akwai .505 Gibbs guda 60 sababbi fil a ledarsu, sai wasu tsofaffin Kynoch na .425 Westley Richards a kwalayensu. Wani ya zo ya taya duka dala 400, jikina bai ba ni ba na ce albarka. Kayan amana ne, matar nan ba ta san darajarsu ba kuma ba na so a cuce ta ta hannuna.

Bakanon Ohayo:
Wa alaikumus salam. Abban Yusra ka kyauta da ka ce albarka wlh, Gibbs ɗin nan kaɗai sun kusa kuɗin da ya taya. Ni na sayar da na .505 Gibbs na kamfanin Norma, sababbi, dala 6 kowanne, kuma ban kwana biyu ba aka kwashe don lokacin babu su a shaguna. Abin da na lura shi ne kamfanoni ba kullum suke buga irin waɗannan ba, sai su yi bugu ɗaya su bari sai an jima, wani lokacin shekara ta wuce, to in ka fito da naka a lokacin da ko'ina aka rubuta babu, kai ne da kasuwa. In ko sabon bugu ya shigo to dole ka sauko ƙasa da kuɗin shago don ba wanda zai bar shago mai rasit ya zo wajenka a kuɗi ɗaya.

Ka shiga GunBroker, shafin gwanjon kayan bindiga a intanet, ka duba gwanjon da aka riga aka gama, kar ka kalli kuɗin da mutane ke sakawa, wani zai sa dala 12 a kwanso ɗaya ya yi wata shida ba wanda ya taya. Wanda aka biya shi ne farashi. Na .416 Rigby ba su da wuyar samu yanzu tunda kamfanonin Hornady da Norma duk suna yi, nawa da aka harba sau ɗaya ƙasa da dala 2 na sallama.

Baba Ɗan Damagaram:
Yaro kafin ka sa kuɗi ka zauna ka ware su tukuna, kowane kamfani daban, sabo daban wanda aka harba daban. Ka juya gindin ka karanta tambarin. Na daɗe a harkar nan, bari in ba ka dalilin da ya sa wasu ke tsada.

Yawancin waɗannan na Ingila ne tun zamanin farautar giwa da ɓauna: .404 Jeffery 1905, .470 Nitro 1907, .425 Westley Richards 1909, .416 Rigby da .505 Gibbs 1911. Kamfanin Kynoch na Birmingham ne ke yi wa kusan kowa harsashi, da ya daina yin su tsakanin shekarun 1960 zuwa 1970 sai bindigogi masu tsadar gaske suka koma jingine a kabad ba abin sa musu. Jim Bell ne ya zo ya fara buga kwansunan a kusa da Shikago da tambarin BELL, daga baya a 1989 Federal suka fito da .416 Rigby da .470 Nitro, shi ne abin ya farfaɗo. To in ka ga tambarin BELL a cikin kayan marigayin kar ka haɗa su da saura, an daina yin su tuntuni kuma akwai masu nemansu. Haka na A-Square, kamfanin ya rufe.

Kynoch ɗinka kuma, ɗauki tocila ka haska cikin guda ɗaya. In ka ga rami ɗaya a tsakiya Boxer ne, irin wanda kowa ke ɗurawa a nan. In ka ga ƙananan ramuka biyu Berdan ne, kuma tsofaffin Kynoch haka suke, cire faraimarsu, wato ɗan maɓallin gindi mai kunna albarushi, wahala ce samun sabuwa daidai su ya fi wahala, ga tagullar ta tsufa wuyan na tsagewa. Mai ɗuri ba zai ba ka abin kirki ba. Amma masu tara kayan tarihi suna biya, kuma kwalin suke so kamar yadda suke son abin ciki, don haka kar ka goge su kar ka jefa su injin wanki, kar ka yaga takardar kwalin. Ni na sayar da kwalin Kynoch mai ɗaukar biyar wanda takardarsa ba ta yage ba, kuɗin da aka ba ni ya fi na sababbin kwansuna goma.

Abban Yusra (Hustan):
Baba na gode Allah ya ƙara girma. Na haska, ramuka biyu ne. Kuma cikin na .416 na ga wajen 40 da aka rubuta 460 Weatherby a gindinsu amma siffarsu ta Rigby ce, wannan fa?

Baba Ɗan Damagaram:
Yawwa, aikin mutanen da ne. Lokacin da babu na Rigby sai su ɗauki na Weatherby su kankare ɗamarar gindin a injin su matse wuyan. Suna aiki in wanda ya yi ya iya, amma ka faɗa wa mai saye ƙarara kuma rabin kuɗi za ka sa.

Kawun Garwa:
Slm. Ni ba na Amurka amma na yi aiki a sansanin farauta nan arewacin Kamaru wajen Faro, Turawa da Amurkawa na zuwa neman ɓauna da babban gwanki irin na nan, to na ga abin da ido. Abin da Baba ya faɗa kan tambari ba ƙaramin abu ba ne, a filin jirgi jami'i zai ɗauki harsashi ya karanta gindinsa ya duba takardar bindiga, in bindiga ta ce .416 Rigby harsashi ya ce 460 to ka shiga dogon bayani, na ga baƙon da aka riƙe wa nasa ya shigo daji hannu biyu sai na sansani aka ara masa. Shi ya sa mai shirin tafiya Afirka zai biya ninki kan kwanso mai tambari daidai, akwai ma kamfani a Amurka, Quality Cartridge, da ke buga kwanso da tambarin da ya dace saboda irin wannan. Ga shi jirgi kilo 5 na harsashi kawai yake bari, manyan nan kuwa nauyi gare su, ɗan kaɗan mutum ke zuwa da su. Masu .470 da .500 Nitro in sun yi harbi mai bin sawu zai durƙusa ya tsince kwanson a cikin ciyawa ya miƙa musu, ba sa bari ko ɗaya, da su suke komawa gida.

Injiniya Minesota:
Ni ɓangaren mai saye zan yi magana don an taɓa min. Na sayi 50 na .404 Jeffery wajen wani da ya rantse sau ɗaya aka harba, sun sha wanki suna ƙyalli a hoto. Da suka iso na lanƙwasa bakin waya na zura ciki ina karta bango, kusa da gindi sai na ji tana maƙalewa a wani kwari, alamar kwanson ya miƙe ya kusa rabewa kenan, wasu kuma ramin faraimar ya saki har da yatsa kake tura ta ta shige. 18 na zubar. Wannan ba maganar asarar kuɗi ba ce kaɗai, kwanso ya rabe a bindiga iskar wuta fuskarka take nufa, in kuma ɓauna ce a gabanka ga guntun kwanso ya toshe bindiga to sai dai Allah ya kiyaye.

Don haka Abban Yusra ka nemi littafin ɗurin marigayin, tsofaffin nan suna rubuta komai, sau nawa aka harba, yaushe aka datse tsayi, yaushe aka gasa wuya. In ka samu ka ɗauki hotonsa ka sa tare da tallan, ni da kaina zan ƙara kuɗi a kan kayan da ke da tarihi. Wanda babu rubutu ka rubuta ba a san adadin harbi ba. Ka auna tsayinsu, ka ɗauki hoton gindi da baki kusa-kusa. Na .470 ɗin ma ka ambaci cewa daga bindiga mai baki biyu suka fito, don wani lokacin wanda ya kumbura a wata bindigar da ƙyar yake shiga wata ko an matse shi.

Sani Mai Taya:
Ni dai a ganina wahalar ta yi yawa, hoto, awo, zuwa gidan waya sau goma. Ka samu dila ya ƙara zuwa 700 ka huta, nawa haka na yi da na bar harkar.

Bakanon Ohayo:
Malam Sani naka ne ka yi yadda kake so da shi, wannan na matar da mijinta ya rasu ne. Dila rabi yake biya ko ƙasa don shi ma riba zai ci. Kuma kar ya zuba su tuli ɗaya, masu irin bindigogin nan ba su da yawa kuma mai .505 ba ya neman 200, ashirin ko ashirin da biyar sun kai shi shekaru. Ya ƙulla su 20-20, manyan su tafi a hankali, na Rigby ne za a iya yi musu 50-50.

Maman Sadiq (Atlanta):
Ni ke yi wa maigidana aike in ya sayar, to ga abin da na sani. Kwanso fanko wanda babu faraima gidan waya na karɓa, ƙaramin kwalin nan mai kuɗi ɗaya ya ishe ka, amma wanda aka riga aka sa wa faraima ba a aikawa ta gidan waya, ka duba da kyau kar su gauraya. Ka naɗe su kar bakinsu ya lotse a hanya don mai saye zai dawo ma da ƙorafi. PayPal dokarsu ta hana cinikin harsashi da bindiga, mu takardar kuɗi ta gidan waya muke karɓa. Ka tambayi jihar mai saye, Masacusets alal misali dokarsu ta lissafa kwanso ma cikin harsashi, sai mai lasisi.

Sannan don Allah 'yan'uwa, kar wani ya ce ka tura masa ƙasar waje ko ka saka masa a akwati in za ka gida. Fitar da su daga Amurka sai da lasisin gwamnati ko da fanko ne, a Najeriya da Nijar kuwa kun san halin da ake ciki, a ga kwanson harsashi a jakarka a Kano ko Yamai ba wanda zai tsaya jin bayanin wai na tarihi ne. Kawu ma da ke Garwa ba zai so a aiko masa ba.

Kawun Garwa:
Ko kusa Hajiya, mu nan kowane harsashi a lissafe yake a takarda.

Abban Yusra (Hustan):
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Na je na sami littafin a durowa, na .404 sau biyu aka harba su, na .470 sau ɗaya, kuma 30 daga cikinsu BELL ne. Gibbs ɗin na ƙulla su gida uku a dala 120 kowanne, ɗaya ya riga ya tafi Aidaho na kai mata kuɗin jiya. Kynoch ɗin ban taɓa su ba. Baba in ka san inda masu tara kayan tarihin ke haɗuwa ka turo min ta gefe.

Baba Ɗan Damagaram:
Akwai taron masu tara harsashi da ake yi a Sen Luwis duk shekara wajen watan Maris ko Afrilu, kafin nan ka turo min hoton kwalayen gaba da baya in gani.