Shawarwarin malaman reno a Gombe kan manhajar waya

A zaman da malaman makarantun reno suka yi a Gombe, an fi daɗewa kan abu guda: manhajar waya ta bi tsarin karatu na NERDC (hukumar gwamnatin tarayya mai tsara abin da ake koyarwa a makarantu), a shirya darasin mako a ciki, amma idon malama ya tsaya kan yara.

Wajen sanar da iyaye, saƙon murya da Hausa ya fi dogon rubutu. Uwa tana tuƙa tuwo ta ji cewa yau 'yarta ta ƙirga murafen kwalba har goma. Wannan ya fi taɓa min zuciya.

Hoton yaro kuwa, sai da yardar iyayensa. Dokar kare bayanai ta 2023 tana nan. A kuma riƙe rajistar takarda saboda ranar da babu wuta ko data.